Masu Ƙetare Duwatsu da Laima: Gaskiya Ne ko Haɗin Fim?

 

Yau za mu ɗan fita daga kicin, mu yi nisan kiwo. Dalili kuwa wata wasiƙa ce da ta zo mana daga wata 'yar'uwa, uwar 'ya'ya biyar, wadda ta nemi a sakaya sunanta. Ta ce ɗanta na fari, ɗan shekara 13, ya kawo mata wayar babansa ya nuna mata wani fim. Wai wani Bature ne zaune cikin wani abu kamar buhu, rataye da igiyoyi, a samansa ga wani ƙyalle mai kama da jinjirin wata, ba inji ba farfela, yana ta ratsa tsakanin duwatsu masu ƙanƙara har ya kusa wuni a sama. Ita dai ta ce wa yaron ƙarya ne, haɗin kwamfuta ne irin na finafinan Indiya. Yaro ya rantse gaskiya ne. Suka yi ta musu har maigida ya shigo, shi ma bai raba gardamar ba. To amma abin da ya tayar mata da hankali har ta rubuto shi ne, washegari ta tarar da yaron tsaye a kan katangar bayan gida riƙe da laimar babansa, ƙannensa biyu suna ƙasa suna yi masa tafi.

To 'yar'uwa, sai dai ki yi haƙuri, a wannan karon yaro ya fi ki gaskiya. Mutane na yin wannan abu, kuma sun shekara fiye da 40 suna yi. Sai dai rabin labarin yaron ya gani. Ɗaya rabin, wanda masu fim ke yankewa su zubar, shi za mu ɗan zauna a kansa yau, domin shi ne zai sauko miki da yaro daga kan katanga.

Abin nan Turawa na ce masa faragilaida. Mu bari mu kira shi laimar shawagi, don mu bambanta ta da laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgin sama. Ta sojoji aikinta ɗaya ne, ta rage wa mutum ƙarfin faɗuwa har ya taka ƙasa. Ita kuwa wannan an ɗinka ta ne don ta zama fiffike. Masu keken ɗinki a cikinmu za su fi saurin ganewa. Yadi ne na nailan marar nauyi, wanda iska ba ta ratsa shi, aka yi shi shafi biyu, sama da ƙasa, aka rarraba tsakaninsu zuwa dogayen aljihuna masu yawa a jere. Kowane aljihu bakinsa a buɗe yake ta gaba, a ɗinke ta baya. Idan iska ta shiga ta gaba ta rasa mafita, sai aljihunan su kumbura su yi tauri. Ƙyallen da ɗazu yake yashe a ƙasa kamar wanki sai ki ga ya miƙe ya ɗauki siffar fiffiken tsuntsu. Tsawonsa daga wannan gefe zuwa wancan ya kusa turmin atamfa biyu in kin warware su kin haɗa baki da baki.

Daga jikin ƙyallen igiyoyi ne ke saukowa, sirara, wasu ba su fi tsinken tsintsiya kauri ba, amma in sun haɗu suna ɗaukar nauyin mutum ninkin-ba-ninkin. Su ne ke riƙe da kujerar ƙyallen da matuƙin ke zaune a ciki. A kowane hannu yana riƙe da igiyar linzami. In ya ja ta dama ya karkata dama, in ya ja ta hagu ya karkata hagu, in ya ja duka biyun gudun ya ragu, wato lokacin sauka ke nan. In ya sauka, ya naɗe komai ya cusa a jakar goyo ya saɓa a baya. Asalin abin a Faransa ne, a wani ƙauye da ake kira Mieussy, a watan Yunin 1978. Wasu abokai uku ne masu wasan dirowa daga jirgi suka ga kuɗin hayar jirgi ya yi musu yawa, suka ce me zai hana su shimfiɗa laimar a gangaren dutse, su ruga da gudu har ta ɗauke su.

Yanzu ga tambayar da na san tana ranki: abin da ba shi da inji, yaya za a yi ya hau sama?

Gaskiyar magana, ita laimar kullum sauka take yi. A cikin iskar da ke tsaye cik, tana sauka kamar mita 1 a kowace daƙiƙa, kuma duk mita 1 da ta sauka tana cin gaba kamar mita 9 ko 10. Ke nan in mutum ya taso daga dutse mai tsayin mita 1,000, iyakarsa kilomita 9 ko 10 ya taka ƙasa, shi ke nan wasa ya tashi. Wanda kika ga ya wuni a sama, wani abu ya samu da ke mayar da shi sama, kuma wannan abu kin sha ganinsa daga tsakar gidanki.

Ki tuna shirwa, wannan da ke ɗauke mana 'yan tsaki. Da rana tsaka sai ki gan ta tana kewayawa wuri ɗaya, ta baza fukafukai ko kaɗa su ba ta yi, amma tana ta ƙara nisa har ta koma ɗan ɗigo. Haka ungulu ma take yi, ko da yake ita yanzu ganinta ya yi wuya a garuruwanmu. Abin da ke faruwa shi ne rana tana gasa ƙasa, amma ba daidai take gasa ko'ina ba. Fa, da rufin kwano, da gonar da aka share, sun fi tafki da kurmi saurin ɗaukar zafi. Iskar da ke kwance a kan wurin da ya yi zafi ita ma sai ta yi zafi, ta yi sakayau, ta ɓalle ta miƙe sama kamar yadda hayaƙin murhu ke miƙewa in ba a iska. Ido ba ya ganinta sai in ta kwaso ƙura. 'Yar guguwar nan ta bazara da ke zuwa ta suri leda da ƙaiƙayi ta yi sama da su har ki daina hangowa, ita ce ɗin, a lokacin da ta yi fushi.

Wadda ta taɓa zuwa Makka ta ga matakalar nan mai tafiya da kanta a Harami. A ce mutum yana kan wadda ke hawa, shi kuma yana takawa ƙasa a hankali. Sauka yake yi, amma tunda matakalar ta fi shi sauri, sama zai ƙare. To haka lissafin yake. In iska na hawa mita 4 a daƙiƙa, laima na sauka mita 1, mutum ya ci ribar mita 3. Shi ya sa kike ganinsu a fim suna kewayawa kamar shirwa, ƙoƙari suke kada su fita daga cikin iskar mai hawa. Ƙarar nan kuma da kike ji ƙit-ƙit-ƙit ba waya ba ce, wata 'yar na'ura ce da ke gaya wa matuƙi yana hawa. In kukan ya yi sauri, hawan ya yi ƙarfi. In ta yi shiru ko ta koma gunji, to ƙasa ake yi, sai a nemi wata.

Ina zai san inda wata take? Sai ya karanci sama. Iskar da ta hau tana hucewa, damshin da ke cikinta ya dunƙule ya zama farin gajimare mai kama da tulin auduga, gindinsa a shafe. Duk inda ya hango irin wannan, ya san akwai matakala a ƙarƙashinsa. Sai ya hau wannan har kusa da gindin gajimaren, ya miƙe ya sulala zuwa na gaba, ya sake hawa, ya sake sulalawa, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Shamuwa ma da ke zuwa mana gab da damina, da irin wannan dabara take cin doguwar tafiyarta daga kudancin Afirka. Da wannan hawa da sulalawa ne wani mutum mai suna Sebastien Kayrouz ya yi kilomita 609 a tashi ɗaya a jihar Texas ta Amurka a 2021. Kafin nan, a 2019, wata 'yar Suwizalan mai suna Yael Margelisch ta zama mace ta farko da ta haura kilomita 500, a ƙasar Birazil. Ki auna, ya fi nisan Kano zuwa Abuja, ba ɗigon fetur.

A cikin duwatsu kuwa abin ya fi daɗi, ya kuma fi haɗari. Gefen dutsen da ke kallon rana shi ke haifar da iska mai hawa, da safe na gabas, da yamma na yamma, don haka matuƙi yana bin rana ne kamar yadda kike matsar da shanya. Amma in iska mai ƙarfi ta bugi dutse ta tsallake, a bayansa birkicewa take yi tana tumbuɗi, kamar ruwan kwata in ya ci karo da dutse. Laimar da ta faɗa cikin wannan, tunda ƙyalle ce, gefe guda na iya sacewa ya naɗe nan take. An koya musu yadda za su sake buɗe ta, kuma kowa na ɗauke da wata laimar ta ko-ta-kwana a naɗe a jikin kujerarsa. Duk da haka ana mutuwa, kuma cikin masu mutuwar har da gwanaye.

To akwai waɗanda tashin wuni ɗaya bai ishe su ba. Su sai su ɗauki tanti da abinci da tukunya, su tashi, inda yamma ta yi musu su sauka a kan dutse su kwana, gari ya waye su sake tashi. Ni na sa masa suna tashi-da-zango, don ya tuna mini da fataken da. A irin wannan ne aka yi wani fim mai suna North of Known, ma'ana arewa da inda aka sani, wanda na kalla har sau uku kafin in zo gabanku.

A watan Mayun 2016 wasu Amurkawa biyu, Gavin McClurg da Dave Turner, suka ɗaura niyyar ƙetare jerin duwatsun Alaska daga wannan ƙarshe zuwa wancan, da ƙafa da laima kawai. Alaska jiha ce ta Amurka can ƙuryar arewa, ƙasar sanyi, kuma a cikin waɗannan duwatsu ne Denali yake, dutse mafi tsayi a Arewacin Amurka, mita 6,190. Don ki gane, dutse mafi tsayi a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Tafiyar ta haura kilomita 700, ta fi Kano zuwa Maiduguri, kuma mafi yawanta ba hanya, ba ƙauye, ba ko bukkar makiyayi. Tunda ba wanda zai iya goyon abincin wata guda, sai suka riga suka ajiye abinci a wurare daban-daban a kan hanya, da lissafin cewa za su riƙa tashi daga wannan ajiya zuwa waccan cikin 'yan kwanaki.

Sama ta ƙi ba su haɗin kai. Yau iska ta yi ƙarfi, gobe gajimare ya rufe, jibi dusar ƙanƙara. Ranar da ba a tashi ba, ko dai a zauna a tanti ana kallon juna, ko a saɓa kaya masu nauyin jarkar ruwa cike a kutsa cikin sarƙaƙiya, a ratsa koguna na narkakkiyar ƙanƙara da ƙafa. Tazarar da laima za ta ci kafin ki gama tuƙa tuwo, da ƙafa sai ta cinye musu wuni. Ga sauro, domin ƙasar sanyi ce amma da bazararsu sauronta ba ya wasa. Ga kuma wata ƙatuwar dabba mai gashi da ake kira beya, wadda babbarta takan fi zaki nauyi. Lissafin abinci ya rushe. Guzurin da aka auna na 'yan kwanaki ya zama dole a ja shi, su kuwa suna aikin ƙarfi daga safe har dare. Kina kallon fim ɗin kina ganin kumatunsu na zurmawa. Duk macen da ta taɓa jan kwanon masara ɗaya ya kai ta ƙarshen wata za ta gane kallon da suke yi wa tukunyar nan.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen. Bayan sun shafe kusan wata guda suna wannan wahala tare, lokacin da Turner ya ɗibar wa tafiyar ya ƙare, dole ya koma gida. McClurg ya rage shi kaɗai. Sai kuma sama ta washe. A 'yan kwanakin da suka rage ya ci babban rabon da ya saura, ya kai ƙarshe a kwana na 37. Shekara biyu kafin nan, a 2014, shi dai wannan McClurg da wani ɗan Kanada mai suna Will Gadd sun yi irin wannan tafiya a duwatsun Rockies na Kanada, kwana 35, su ma da yawan kwanakin a zaune suka yi su ana jiran sama.

To yanzu ki yi lissafi da ni. Kwana 37 aka yi, fim ɗin kuwa kamar awa ɗaya ne. Ina sauran? Lokacin da nake karatun aikin jarida, a darasin haɗa hoto, sai a tura mu mu wuni muna ɗauka, mu dawo malami ya ce a fitar da minti uku. Abin da ba ya motsi shi ake fara zubarwa. Mutum zaune a bakin tanti kwana huɗu yana kallon gajimare yana cewa yau ma ba za a tashi ba, wa zai zauna ya kalli wannan? Sai a nuna shi na daƙiƙa goma a wuce. Alhali a ganina wannan zaman shi ne gwanintar. Shi North of Known ma ya yi ƙoƙari, ya nuna yunwar da gajiyar. Amma guntayen da ake yankowa ana turawa a WhatsApp da Facebook, irin wanda na tabbata shi yaronki ya gani, tashin kawai ake bari, a ɗora masa kiɗa.

Kuma zarginki na haɗin kwamfuta ba a banza yake ba, akwai abin da ido ke gani da ke sa shakka. Za ki ga kamar wani ne ke shawagi a gefen matuƙin yana ɗaukarsa. Sau da yawa 'yar kyamara ce da ba ta fi akwatin ashana girma ba, an ɗaura ta a kan sanda, kuma akwai irin da ke goge sandar daga cikin hoton da kanta. Wata a kan hular kwano take, wata an rataye ta da igiya tana bin laimar a baya kamar jela. Gilashin irin waɗannan kyamarori yana lanƙwasa hoto, sai ki ga duniya ta yi gwafa kamar ƙwarya a kife. Manyan finafinai kuma sukan yi hayar jirgi mai saukar ungulu, ko su tashi ƙaramin jirgin nan marar matuƙi. Wannan duk kuɗi ne, kuma mai biya yana da abin da yake so. Kamfanin Red Bull, mai sayar da abin sha na gwangwani, shi ke ɗaukar nauyin da yawa daga cikin irin waɗannan finafinai, har da na Alaska ɗin. Ban ce sun yi ƙarya ba. Na dai ce mai talla ba zai cika miki fim da mutanen da suka duba sama suka naɗe kayansu suka sauko da ƙafa ba.

Akwai kuma masu ɗaukar kansu da kansu. Wani Bafaranshe, Antoine Girard, ya yi kwana 19 shi kaɗai a duwatsun arewacin Fakistan a 2016, tafiyar sama da kilomita 1,200. A ranar 23 ga Yuli ya hau har mita 8,157, ya bi ta saman wani dutse mai suna Broad Peak mai tsayin mita 8,051. A 2021 ya koma ya kai mita 8,407. A irin wannan tsayi iskar shaƙa ta yi ƙaranci ƙwarai, sanyi kuwa ba a magana, domin duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da maki 6 zuwa 7. Hotunansa na girgiza, kina jin numfashinsa sama-sama, ba kiɗan da zai ɓoye tsoron. Ni irin wannan na fi yarda da shi.

Amma labarin da nake so ki ba yaronki na wata mace ce, kuma ranar da abin ya same ta ba kyamarar da ke bin ta. Sunanta Ewa Wisnierska, haifaffiyar Folan, tana wakiltar Jamus, kuma tana cikin gwanayen duniya a lokacin. A ranar 14 ga Fabrairun 2007 tana atisaye kusa da wani gari mai suna Manilla a Ostireliya, ana shirin gasar duniya. Masu hasashen yanayi sun ce akwai hadari a ranar. Ta tashi, wasu da dama ma sun tashi.

Kin san hadarin gabas na damina, yadda yake tasowa kamar hasumiya, kansa fari gindinsa baƙi ƙirin, iskarsa ta riga shi isowa ta kwashe shanya ta ɗaga kwano. To wannan farin gajimaren mai kama da auduga da na ce suna nema, in ya ƙoshi ya wuce misali, shi ke rikiɗa ya zama wannan. A cikinsa iska na hawa da ƙarfin da ba laimar da za ta iya ƙwacewa. Ewa ta yi ƙoƙarin kewaye shi, ya zuƙe ta. Ta yi duk dabarar sauka da ta sani, a banza. Tana hawa har kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, cikin duhu da tsawa, ƙanƙara na jifarta, har ta suma. Na'urar da ke jikinta ce ta rubuta sauran labarin: ta kai mita 9,946. Ya fi dutsen Everest, wanda ya fi kowane dutse a duniya da mita 8,849. Kusan tsayin da jirgin alhazai ke tafiya ke nan, ita kuwa tana rataye a igiya cikin 'yan kayan jikinta. Sanyin wurin ya kai maki 40 ƙasa da sifili, firizar da ke daskarar miki da nama maki 18 ce ƙasa da sifili.

Ta fi rabin awa a sume. Likitoci sun ce suman ma ya taimaka, domin jiki ya rage neman iska. Da laimar ta gangaro ƙasa-ƙasa sai ta farfaɗo, jikinta duk ƙanƙara, ta lallaɓa ta sauka a wata gona kimanin kilomita 60 daga inda ta tashi. Sanyi ya ƙone mata kunnuwa da ƙafa, amma ta rayu, kuma kafin mako ya zagayo ta sake tashi. Wani ɗan ƙasar Sin mai suna He Zhongpin da hadarin nan ya zuƙa a wannan rana, shi gawarsa aka tsinta, tsawa ce ta faɗa masa. An yi fim a kan labarin a 2010, Miracle in the Storm, sai dai kwaikwayon abin aka sake yi, tunda ba wanda ya ɗauki na ainihin. Ki lura da sunan wa duniya ta riƙe a cikinsu. Ita aka yi wa fim.

Kada kuma ku ɗauka mata 'yan rakiya ne a wannan fage. Akwai wata gasa a duwatsun Alps na Turai da ake yi duk bayan shekara biyu tun 2003, Red Bull X-Alps, inda ko dai ka tashi ko ka goya laimarka ka taka, ba mota ba keke. Wani ɗan Suwizalan, Christian Maurer, ya cinye ta sau 8 a jere daga 2009 zuwa 2023, sai a 2025 wani ɗan Italiya, Aaron Durogati, ya karɓe. A ta 2023, mai nisan kilomita 1,223, wata 'yar Ostiriya mai suna Elisabeth Egger ta zama mace ta farko da ta kai ƙarshe, shekara 20 cif bayan fara gasar. A nan kusa da mu ma, a Ghana, tun 2005 aka fara bikin tashi da laima lokacin Ista a dutsen Odweanoma na yankin Kwahu, inda gwani ke ɗaukar fasinja ɗaya su sauko tare a Nkawkaw. Wannan gajeren tashi ne, ba ƙetare duwatsu ba, amma duk mai dangi a zangon Nkawkaw ta tambaye su, sun gani da idonsu.

Mu dawo kan katanga. Ki gaya wa yaro laimar ruwan sama faɗinta bai fi mita 1 ba, ta shawagi kuwa ta ninka ta fiye da sau 20 a fili, kuma ita ma ba ta aiki sai iska ta cika ta tana tafiya gaba. Ta babansa juyewa kawai za ta yi, ƙarafunanta su kalli sama, shi kuma ya sauko da dukkan nauyinsa. Ni shaida ce. Yayana ya gwada daga kan soro muna yara, har yau in sanyi ya shigo sai ya riƙa murza wuyan hannunsa. Su waɗanda ya gani a fim, kafin ƙafarsu ta bar ƙasa sai da suka yi kwanaki a fili suna koyon ɗaga ƙyallen kawai su tsayar da shi a saman kansu. Daga nan ɗan tudu, malami na ƙasa yana ba su umarni ta rediyon hannu, sannan jarrabawa da takardar shaida. Masu ƙetare duwatsu kuwa sun yi shekaru a kai.

Ba na son ki kashe masa sha'awar da duka, domin yaron da ya tambayi yadda abu ke tashi ba inji, kansa na aiki. Ki ba shi leda mai faɗi, ya yanka ta murabba'i, ya ɗaura zare huɗu masu tsawo ɗaya a kusurwoyin, ya haɗa su a jikin ɗan ƙaramin dutse, ya dunƙule ya cilla sama daga tsakar gida, ƙafarsa na ƙasa. Ya gwada da dutse babba da ƙarami, da leda babba da ƙarama, ya zo ya gaya miki wanne ya fi jinkirin sauka da dalili.

Gobe kuma da azahar, in rana ta take, ku fito tare ku ɗaga kai. In kun dace da shirwa, ku sa mata ido: a saman me take kewayawa, rufin kwanon makwabta ne ko filin makaranta, minti nawa ta yi kafin ta miƙe, kuma wane gajimare ta nufa. Ranar da hadari ya haɗo, ku sake dubawa ku gani ko tana nan. Abin da kuka gani ku rubuto mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.